Gidaɗo Oba da Wayar Basira

A Kusada, in ka tambayi gidan Malam Gidaɗo, sai a ce maka wanne. In ka ce Gidaɗo Oba kuwa, ko makaho ya kai ka ƙofar zauren. Kakanmu ne na wajen uba, dogon mutum siriri mai ƙaramar murya, wanda in zai yi maka magana sai ya waiwaya hagu da dama tukuna, ko da tambayarka zai yi ko ka ci abinci.

A Dudunni aka haife shi, cikin Fulanin da suka daɗe da zama suka kama noma. Ya yi firamare, kuma Allah ya ba shi rubutu mai kyau, shi ya sa aka ɗauke shi masinja a wani ofishi a Kankia. Bai shekara uku ba aka lura ba ya mantuwa kuma ba ya ƙara wa saƙo gishiri, sai aka zaunar da shi a ɗakin rediyon oba-oba. Wata ƙatuwar na'ura ce mai abin magana da ake riƙewa a hannu. Ka danna ka yi magana, ka ce oba, ka saki, sannan na can ya amsa. Da ita ofisoshi ke aika wa juna saƙo kafin waya ta wadata. Shekara ashirin da huɗu ya yi a gabanta, kuma daga nan sunan ya bi shi.

Abu biyu aikin nan ya dasa masa. Na farko, mita guda baki guda take ɗauka: in Katsina na magana, dole Kankia ta yi shiru ta jira, in kuwa biyu suka danna tare, sai kururuwa. Na biyu, duk abin da ka faɗa, kowace tasha da ke kan mitar nan tana ji. Na biyun bai koye shi da sauƙi ba. Bayan an ba Katsina jiha da kaɗan, ƙanwarsa Zuliha ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, saura wata guda bikinta. Hankalinsa ya tashi, ya ruga ofis ya danna, ya ce a gaya wa wansa Umar da ke aiki a Katsina ya zo maza, Zuliha ta faɗi, ana zaton farfaɗiya ce. Ashe mai tsaron rediyon wata tasha ɗan ƙanwar uwar angon ne. Kafin Umar ya iso Dudunni, dangin ango sun aiko a ba su kayansu. Daga baya aka gane zazzaɓi ne ya hau mata kai, kuma ba ta ƙara faɗuwa ba har ta tsufa. Ta yi wani auren, ta hayayyafa, ta sha gaya masa ta yafe. Shi ne dai bai saki abin ba.

Ya yi ritaya ya dawo Kusada da matarsa Hadijatu, wadda yake kira Dije, mu kuma muke ce wa Kaka. Yana nomansa, yana sauraren labarai a wata tsohuwar rediyo mai rigar fata, sai ga shi an zo an kafa ƙarfen sabis a bayan kasuwa. Cikin wata shida gari ya cika da wayar hannu. Mahauta, 'yan acaɓa, malaman makaranta, har masu tallan nono, kowa ka gani hannu a kunne. Malam Gidaɗo ya kan tsaya daga nesa yana kallo yana girgiza kai. A lissafinsa, ƙarfe guda ne ke ɗaukar wannan surutu duka, don haka cikin biyu dole a yi ɗaya: ko dai layi suke yi, ko kuwa duk a wuri guda maganar ke zuba, mai kunne ya kwasa. Ya duba bai ga kowa na jira ba. Shi ke nan, ya yanke hukunci.

'Yarsa Basira, gwaggonmu, tana aure a Fatakwal wajen wani mai fataucin shanu, Dauda. Ita ta aiko masa da waya a shekarar 2008. Ya karɓa don kada ta ji babu daɗi, ya naɗe ta a tsumma ya sa a akwatinsa mai kwaɗo. Ranar Alhamis bayan la'asar kaɗai yake fito da ita, don ita ce ranar da suka tsayar. Maganar kuwa ba ta wuce gaisuwa. Kuna lafiya, yara lafiya, ruwa ya sauka, madalla. In Kaka ta karɓa, yana tsaye a kanta kamar mai gadin jarrabawa, da ta fara karkata zuwa zancen gida sai ya miƙa hannu. Duk wata magana mai nauyi, kaset ake yi. A ɗauka a rediyo, ya liƙe bakin kaset ɗin da salatif, ya sa hannu a kan salatif ɗin, a ba direban tirelar shanu da ya sani tun yana yaro. Amsa ma haka take zuwa. Kafin magana ta je ta dawo, a ƙalla mako biyu.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a ƙarshen daminar wannan shekara, gero ya fitar da kai. Gwaggo Basira da kanta ta yarda a rubuta, ta ce yanzu ai ba abin ɓoyo ba ne.

Wata Alhamis wayar ta yi ƙara a kan lokacinta. Ya ɗauka, ya waiwaya, ya yi sallama.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau. Yara lafiya? Mai gidan naki lafiya? To madalla, ga uwarki."

"Baba, tsaya, don Allah kada ka ba ta tukuna. Magana ce ta asibiti. Likita ya duba ni ya ce..."

"Tsaya nan!" Muryarsa da ba ta tashi yau ta tashi, sai da kaji suka watse. "Kada ki ƙara ko kalma guda. Ki yi kaset."

"Baba, ran Litinin suke son amsa. Mai gidan kuma ya ce ba zai sa hannu ba sai ka..."

Ya danna jan maɓalli. Ya cire batir ya riƙe a ɗaya hannun.

Kaka tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Ta ajiye faifan a hankali.

"Malam, kashewa ka yi?"

"Kin ji mi take shirin faɗi? Lalurar mace, a iska, gari duk na saurare?"

"Ni ban ji komi ba, don ba ka bari an ji ba. Muryarta dai na ji, kuma kuka take."

"Ba kuka take ba."

"Kai ka haife ta ko ni?"

Ya fara lissafin tirela a fili, kamar mai neman wanda zai taya shi: in ta yi kaset gobe, sai ta sami mai tahowa, kwana huɗu a hanya in mota ba ta lalace ba. Lissafin bai kai ko'ina ba, shi ma ya sani. Ya ce to shi zai tafi da kansa. Kaka ta dubi gwiwarsa da ko masallacin Juma'a sai da sanda take kai shi.

"Ka ji abin da zan gaya maka," in ji ta. "Shekara arba'in da biyar ban taɓa tsallake maganarka ba. Na ba ka zuwa la'asar ɗin Asabar. In ba ka kira ɗiyar nan ka saurare ta ba, in yafa mayafina in tafi wurin mai laimar nan na bakin kasuwa, in kira ta a gaban mahauta. Kuma ka san kunnena ya yi nauyi, sai na maimaita abin da ta ce da ƙarfi nake gane shi."

Wannan ta fi komai tayar masa da hankali. Ya ce ta ba shi kwana biyun, zai yi bincike.

Da hantsin Juma'a ya rataya rediyonsa mai rigar fata ya nufi bakin kasuwa, inda wani mutum ke kafa laima da tebur ana biya ana buga waya. Dabararsa mai sauƙi ce. In maganar mutane a iska take yawo, to shi da ya yi shekara ashirin da huɗu yana farautar murya a cikin hayaniya zai kamo ta. Ya sami benci ya zauna, ya zare eriya har ƙarshe.

"A'a, Baba Oba," in ji mai laima, "yau labaran duniya aka kawo mana har gida?"

"Yi sana'arka."

Wata mata ta zo tana kiran ɗanta a Zariya. Malam Gidaɗo ya shiga murɗa rediyo a hankali, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, mita bayan mita. Ya kamo Kaduna, ya kamo Katsina, ya kamo masu Faransanci daga Nijar, ya kamo wani mai wa'azi da harshen da bai sani ba. Muryar matar dai babu ita a ciki, sai wadda ke shigo masa ta ɗaya kunnen, don da ƙarfi take magana har masu tsire na taya ta jin haushin ɗan. Mutum biyar suka yi waya, bai kamo ko tari ba. Har ya fara jin wani sanyi-sanyi a ransa.

Sai mai laima ya ajiye wayar a kan benci kusa da rediyon, aka kira ta. Tun kafin ta yi ƙara, rediyon ya ɗauki wani irin sauti: dit-dirit, dit-dirit, dit-dirit, sannan ya zarce da zirrr. Malam Gidaɗo ya daskare. Ya matsar da rediyon nesa, sautin ya mutu. Ya matso da shi, ya dawo. Sau uku yana gwadawa. Ya san wannan sauti, ko kuwa ya ɗauka ya san shi. A ofishinsu na Kankia, duk saƙon da ya karɓa akwai akawun da ke zaune a ɗakin gaba yana buga shi a tafireta, a sa a fayil. Ƙarar da ya sha ji ta bango ke nan.

Ya dawo gida ko sallamar kirki bai yi ba.

"Na kama su," ya ce wa Kaka ƙasa-ƙasa. "Bugawa suke. Kowace magana, da an ɗauki waya, tafireta ta fara aiki. Da kunnena na ji."

"Ikon Allah," in ji Kaka. "Wa ke da takardar da za ta ɗauki surutun mutanen Kusada? Na matar liman kaɗai ai sai a cika rumbu."

"Ke komi wasa ne."

"Ni dai gobe Asabar."

Ya san duk Asabar da safe akan zo a duba injin ƙarfen sabis. Tun ana karyawa ya je ya zauna a gindin shingen da rediyonsa a cinya. Can sai ga farar a-kori-kura, wani mutum mai kimanin shekara talatin da biyar ya fito da jakar kayan aiki. Da ya ga tsohon sai ya durƙusa.

"Baba Oba! Ba ka gane ni ba? Musbahu ne, na Kafinsoli. Ɗan Sodangi direban ofishinku."

"Ɗan Sodangi? Kai ne ka zama haka? To alhamdulillahi, gara da na sami ɗan gida. Ubanka bai taɓa yi mani ƙarya ba sai a kan man mota. Zauna, tambaya gare ni, kuma ban son amsar ma'aikata."

Musbahu ya yi dariya ya zauna a kan dutse.

"Ranar kasuwa na ƙirga mutum talatin da ɗaya da waya a kunne lokaci guda. Ƙarfen ga guda ne. Mita nawa gare shi?"

"Ba su da yawa, Baba. 'Yan kaɗan ne a kowace fuska, fuskokin kuma uku, ga su can sama."

"To ka gani. Mita guda baki guda. Ina sauran ke bi?"

"Wannan a zamaninku ne, da murya ke tafiya a yadda ta fito daga baki. Yanzu ba muryar ke tafiya ba." Ya ɗauki tsinke ya ja dogon layi a ƙasa, ya yanka shi gida takwas. "Da ka yi magana, wayar za ta mai da muryarka lambobi, ta matse su su ƙanƙance, ta yanyanka su gutsi-gutsi. Wannan layin mita guda ce. Mutum takwas ke kanta. Kai gidanka na uku, misali. Wayarka ta jefa gutsure guda a gida na uku ta yi shiru, na huɗu ya jefa nasa, har a zagayo kanka. A can kuma a tattara na gida na uku kaɗai, a jera, a mai da su murya a kunnen wanda ka kira."

"Layi ke nan."

"Layi ne."

"Yaro, ni na yi layi shekara ashirin da huɗu. In ana layi, ana jira. Na taɓa jiran Funtuwa ta gama karanto sunayen buhunan taki tun hantsi har azahar. Ban ga wanda ke jira a nan ba."

"Suna jira, Baba, kunne ne bai iya kamawa. A daƙiƙa guda layin na zagayowa sau fiye da ɗari biyu."

Malam Gidaɗo ya dube shi irin kallon da ake yi wa mai tallan maganin da ke warkar da cuta arba'in. Sai ya kunna rediyonsa ya ce Musbahu ya kira wani. Sautin ya tashi, dit-dirit, dit-dirit, zirrr.

"To wannan fa? Wa ke bugawa?"

Musbahu ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga fuskar tsohon, ya haɗiye.

"Ba kowa, Baba. Abin da nake gaya maka ke nan, ga shi ka kamo da kanka. Wayar ce ke kunnawa tana kashewa, ta jefa nata ta yi shiru, ta jefa ta yi shiru. Shigarta da fitarta ne rediyonka ke ji. Da a ce magana ce zalla take tafiya, da ka ji maganar. Ko ka sami na'urar da ta kai mitar, lambobi za ka tarar, su ma a hautsine, don wayar na kulle su kafin ta sake su."

Ya ƙara masa da cewa ƙarfen da gangan ba ya ɗaga murya. Oba-oba ana son ta kai ko'ina, shi ya sa jiha guda ke rabon mita guda. Wannan kuwa ƙarfinsa bai wuce 'yan garuruwan kewaye ba, sai ya mutu. Ƙarfen da ke maƙwabtaka da shi ya ɗauki wasu mitoci dabam, na gaba da wancan kuma ya sake ɗaukar irin na Kusada, ba wanda ya shiga wa wani. In gari ya cika da waya har gidajen suka kasa, sai a ƙara wani ƙarfen a raba garin biyu. Wannan ɓangaren ya ɗan shige shi, don ya san yadda tasha ke dusashewa in an yi nisa. Amma bai nuna ba.

"Saura guda," in ji shi. "Ka dubi Allah ka gaya mani. Akwai mai ji ko babu?"

Musbahu ya ajiye tsinken.

"Maƙwabcinka ba zai ji ba. Mai laima ba zai ji ba. Ni da ke riƙe da mabuɗin ɗakin nan, wallahi ba ni da hanyar ji. Amma can sama, inda layukan ke haɗuwa, in hukuma ta sa a saurari wani, ban rantse maka ba a iyawa. Ban taɓa gani ba, amma ba zan ce maka babu ba."

"Yawwa. Yanzu ka yi magana irin ta ubanka."

Ya tashi ya kama hanya. Amsar ƙarshen ita ya fi yarda da ita, don ita ce ta yi kama da duniyar da ya sani. Maganar mutum takwas ce ta tsaya masa. In wannan ƙarya ce, to duk sauran ma ƙarya ne, kuma azahar ta gabato.

Ya tarar da gidan cike da ƙarar daka. Washegari ana suna a maƙwabta, an kawo gero a taya su surfe, surukansa mata uku, har da mahaifiyarmu, sun kewaye babban turmi suna lugude. Kaka na gefe tana bakace. Ya zauna kusa da ita ya kwashe abin da ɗan Sodangi ya ce ya gaya mata, yana yi yana taɓe baki.

"Wai mutum takwas a mita guda, kowa ya jefa nasa ya janye, kuma wai ba mai jin an tsaya. Kin ji fa."

Kaka ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To mi ye abin mamaki? Ga shi nan a gabanka. Turmi nawa ka gani?"

Ya juya ya dubi matan.

"Taɓarya uku, turmi guda," in ji ta. "Tun da aka kawo ni gidanka ake yin shi a tsakar gidan ga. Ka taɓa jin sun yi karo? Kai dai in an ce maka abu daga ƙarfe ya fito sai ka rikice."

Malam Gidaɗo ya miƙe da sandarsa ya je ya tsaya a kan turmin. Matan suka ruɗe, don tun da aka kawo su bai taɓa matsowa kusa da wurin aikinsu ba. Ɗaya ta ja gyale ta rufe fuska, dakan ya watse.

"Ku ci gaba, ku ci gaba. Ba ku nake kallo ba."

Suka koma a kunyace, har hannu ya daidaita. Ya rufe ido. Sautin ya zo masa a haɗe, dududu-dududu, babu inda ya yanke. Ya buɗe ido ya ga kowace taɓarya sama take fin daɗewa, saukarta ƙiftawa ce.

"Ku biyu ku tsaya. Ke ki ci gaba, amma yadda kike yi ɗazu, kada ki ƙara sauri."

Mahaifiyarmu ce ta ci gaba, tana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mata. Dum. Shiru. Dum. Shiru. Ya saurari shirun nan da ke tsakani, ya ji faɗinsa, ya ga lallai mutum biyu sun shige ciki ba tare da an matsa wa kowa ba. Ya sa ta biyu ta shigo, sannan ta uku, ramukan suka cike a kunnensa ɗaya bayan ɗaya.

Ya dawo ya zauna.

"Amma a turmi geron haɗuwa yake," in ji shi.

"Wannan kuma ka koma ka tambayi ɗan direba. Ni dai inuwa ta fara juyawa."

Bai koma ba. Ya yi alwala ya yi azahar, ya zauna a zaure shi kaɗai. Abin da ya gaya wa babanmu daga baya shi ne, a zaunen nan ya tambayi kansa wa yake tsoro. Ya ga ba wani baƙo a wani ofishi mai nisa ba ne, wanda bai san Basira ba, bai san dangin mijinta ba, ba zai kuma zauna a majalisar bakin kasuwa ba. Na kusa yake tsoro, kuma na kusa ɗan Sodangi ya ce ba su da hanya, rediyonsa ma ta ce haka. Bai ce ya yarda duka ba. Ya ce dai abin da ya rage na shakka bai kai nauyin Litinin ba.

Da aka yi la'asar ya buɗe akwati ya ɗauko wayar, ya ce wa Kaka ta yafa mayafi ta biyo shi. A gida ba zai yi ba, katanga gajera ce. Suka bi ta bayan gari har gonarsa, yana ɗingishi tana bin sa tana mita. Ya kutsa cikin gero har gindin tsamiyar da ke tsakiya, ya zagaya ta sau ɗaya, ya ɗaga kai ya duba rassan, sannan ya sa batir.

Ya kira, bugu ɗaya Basira ta ɗauka.

"Ke ce? To saurara. Kada ki faɗi sunan kowa, kada ki faɗi sunan asibitin. Ki yi a hankali. Ina jin ki."

Ta gaya masa. Wata takwas tana zubar da jini tana ɓoyewa. Ƙari ne a mahaifa, ya girma, likitoci sun ce sai an cire mahaifar gaba ɗaya, kuma jininta ya yi ƙasan da ba a son a ƙara jira. Dauda ya tsorata. Ya ce ba zai sa hannu a yanka 'yar mutane a ƙasar da ba ta da kowa ba, in wani abu ya faru a ce shi ya kai ta, sai in ubanta ya faɗa da bakinsa.

Malam Gidaɗo bai katse ta ba ko sau ɗaya. Da ta gama, sai ya maimaita mata saƙon daga farko har ƙarshe, yadda ya saba a wurin aiki, don ya tabbata bai ɓatar da komai ba. A wajen wata takwas ɗin ne ya tsaya.

"Wata takwas, kina gaishe ni duk Alhamis?"

"Ai ba ka bari, Baba."

Ya share fuska da hannun riga.

"Ke kina so a yi?"

"Ina so. Na gaji."

"Ba ni shi."

Dauda ya karɓa yana ta jero gaisuwa, tsohon ya tare shi.

"Dauda, gaisuwa ta isa. Ka kyauta da ka nemi bakina, ga shi ka samu. Ran Litinin ka sa hannu. In Allah ya tashe ta, mun gode maka. In ya yi wani ikon, ni na ce a yi, kuma ga uwarta nan tsaye ta ji. Ka ji ni da kyau? To maimaita."

Dauda ya maimaita. Malam Gidaɗo ya miƙa wa Kaka wayar, karo na farko bai tsaya a kanta ba. Ya ja sandarsa ya fita bakin gona ya tsaya a kan 'yar hanyar da ke bi ta gefen tsamiyar. Kaka ta zauna a kan saiwa ta baje, tana yi tana kuka tana faɗa, tana maimaita duk abin da aka gaya mata da ƙarfi. Wani mutum ya taho a kan keke da damin ciyawa, tsohon ya ɗaga masa sanda tun daga nesa.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Zagaya ta can. Ana magana."

Ranar Litinin Dauda ya sa hannu, ranar Laraba aka yi aikin, aka ƙara mata jini leda biyu. Ranar Alhamis da la'asar ita da kanta ta kira, muryarta kamar ta sauro, ta ce ta sha kunu. A gonar ya amsa wannan ma. Har ya rasu, shekara bakwai bayan haka, bai taɓa yin maganar iyali a waya a cikin gida ba, kuma in ya gama sai ya cire batir. Amma daga wannan makon, Alhamis ɗin Gwaggo Basira ta kan kai har rana ta yi ja, kuma in ta ce lafiya lau take, ya kan ce bai yarda ba, ta faɗi gaskiya.